Kamfani ya kawo mana manhajar koyarwa, yana neman bayanan yara: mu sa hannu?

Tambaya: Wata mai makarantar kuɗi, firamare da ƙaramar sakandare, ta rubuto cewa wani kamfani ya kawo musu kwamfutocin hannu da manhajar da aka ce tana gano matakin kowane yaro ta koyar da shi daidai da matakin nasa. Zangon farko kyauta ne. Fom ɗin rajista yana neman sunan yaro, ranar haihuwa, hoto, adireshin gida, lambar waya da sana'ar iyaye, lambar NIN, da zanen yatsa don ɗaukar sunan waɗanda suka zo makaranta. Tana so ta san ko abin yana aiki, da kuma ko akwai haɗari a miƙa waɗannan bayanai.

Amsa: Hajiya, abu biyu kamfanin nan ya ɗaure muku a ƙunshi ɗaya, kuma shawarata ita ce ku kwance su kafin ku yanke hukunci. Na farko koyarwa ce, tana kuma iya yin amfani. Na biyu tattara bayanai ne, wanda mafi yawansa babu abin da ya haɗa shi da koyarwar. Kuna iya karɓar na farkon ku ƙi mafi yawan na biyun. Idan kamfanin ya ce ba a raba su, to ya gaya muku da bakinsa wanne ne ainihin kasuwancinsa.

Yadda irin wannan manhaja take aiki shi zai nuna muku abin da take buƙata. Yaro ya zauna, ta ba shi tambaya. Ya ci, ta ƙara masa mai wuya. Ya faɗi, ta sauko ƙasa, har ta tsaya inda yake cin wasu yana faɗuwa wasu. Nan ne matakinsa, ko da yana aji biyar amma iyawarsa ta ɗan aji biyu ce. Masu kyau daga cikin manhajojin ba sa tsayawa ga ci ko faɗuwa, suna duba irin kuskuren. A ce an ba yaro 52 ya ɗebe 27, sai ya rubuta 35. Malamin lissafin da ya daɗe a aji yana gani ya san abin da ya faru: yaron bai iya aro ba, yana cire ƙaramin adadi daga babba ne a kowane layi, 2 daga 5 saura 3, 2 daga 7 saura 5. Wanda ya rubuta 24 ko 26 kuwa ya iya aron, ƙirga ce ta kuɓuce masa. Maganin waɗannan yara biyu ba ɗaya ba ne. Malami mai yara sittin ba zai iya bin littafin kowa yana wannan tantancewa kullum ba, ita kuwa na'ura ba ta gajiya. Iyakar abin da ake nufi da koyarwa daidai matakin yaro ke nan. Sauran abin da ke cikin takardar talla ado ne.

To wannan aiki me yake buƙata? Wata lamba da za ta bambanta yaro da na kusa da shi, da ajinsa, da tarihin amsoshin da ya bayar. Shi ke nan. Tela awonka yake nema kafin ya yanka yadi, ba ruwansa da albashinka ko katin ɗan ƙasarka. Hoton yarinya ba ya ƙara wa manhaja sanin ko ta iya rabawa. Sana'ar uba ba ta gaya mata inda yaro ya tsaya a karatu. Ku ɗauki fom ɗin ku bi shi layi-layi tare da wakilin kamfanin, a kowane layi ku tambaye shi: idan muka bar wannan fanko, wane darasi ne zai tsaya? Za ku ga amsa ta ƙare masa tun a layi na uku.

Game da ko yana aiki, gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda aka yi a birnin Delhi na Indiya tsakanin 2015 da 2016 da manhajar Mindspark. Yara 619 ne, yawancinsu daga makarantun gwamnati, 'yan aji shida zuwa tara. Ƙuri'a aka yi musu: rabi suka samu gurbi a cibiyoyin karatu na bayan an tashi daga makaranta, rabi ba su samu ba. Ƙuri'ar ce ta ba gwajin daraja, don ta toshe bakin mai cewa ai dama masu ƙoƙari ne suka shiga. Bayan wata huɗu da rabi, ci gaban masu gurbi a lissafi ya ninka na sauran, haka ma a harshen Hindi. Amma ku dubi yadda aka tsara shi. Kowane zama minti 90 ne, 45 a gaban kwamfuta, 45 tare da malami a ƙaramin rukuni, kwana shida a mako. Gwajin farko kuma ya nuna ɗan aji shida yana bayan ajinsa da kusan shekara biyu da rabi a lissafi. Manhajar ta yi nasara ne saboda ta ajiye silabus gefe ta koma inda yaron yake.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa daga wannan gwaji. A jarrabawar makaranta ta ƙarshen shekara, wadda ake yi bisa silabus ɗin ajin, ba a ga wani bambanci a lissafi ba. Dalili shi ne yaran sun yi baya ƙwarai, giɓin da suke cikewa na azuzuwan ƙasa ne, jarrabawar kuwa ba ta tambayar wannan. Ku riƙe wannan da kyau, domin iyaye za su zo bayan zango ɗaya su ce an karɓi kuɗin kwamfuta amma ba su ga canji a katin sakamako ba.

Raba na'ura kawai kuwa an gwada shi, bai haifar da komai ba. Ƙasar Peru ta raba ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci a shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Da aka auna makarantun karkara 319 bayan wata 15, yara sun iya sarrafa na'urar sosai, amma lissafi da karatu suna nan inda suke. Mu ma an gwada shirin a 2007 a firamaren Galadima da ke gefen Abuja, labarin da jaridu suka fi ɗauka a kai kuwa shi ne yara sun shiga shafukan batsa saboda ba a toshe su ba. Na baya-bayan nan da ake yawan kafa hujja da shi shi ne gwajin da Bankin Duniya ya yi a Benin ta jihar Edo a 2024, inda 'yan aji ɗaya na babbar sakandare suka yi mako shida suna koyon Turanci da Microsoft Copilot, manhajar da ake rubuta wa tambaya ta amsa kamar mutum, bayan an tashi, yara bibbiyu a kan kwamfuta ɗaya, malamai na tsaye a kansu. Sakamakon ya yi kyau, ba na musu. Sai dai mako shida ne, kuma manyan yara ne da suka iya karatu suka kuma nuna sha'awar shiga. Ba hujja ba ce ga ɗan aji uku na firamare da bai gama haɗa baƙi ba.

Kada ku manta kuma ana yin wannan aiki ba tare da ko soket ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da tsarin da malami zai gwada yaro ɗaya bayan ɗaya da takarda guda: yana gane harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko labari? Sai a raba yara rukuni-rukuni bisa amsar, ba bisa aji ba, na awa ɗaya ko biyu a rana. An kawo shi jihar Kano daga 2019 a shirin KaLMA, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ga 'yan aji huɗu zuwa shida, da Hausa ake fara karatun. Bayanan da wannan tsari yake tarawa ba sa wuce littafin malami. Na kawo shi ne don ku san da abin da za ku auna tayin kamfanin: abin tambaya shi ne ko manhajar ta fi awa ɗaya ta irin wannan rukuni, idan aka haɗa da kuɗin data da caji da gyaran allon da yara za su fasa.

Abu biyu kuma suna ɓata lissafin manhaja a makarantunmu, na sha ganin su. Na ɗaya harshe. Idan tambayar lissafi ta zo da dogon Turanci, yaron da ya faɗi ba a san ko lissafin ne ya gagare shi ko Turancin ba, ita kuwa na'ura za ta rubuta cewa ba ya ja a lissafi. Manhajojin da suke sauraron karatun yaro ta makirufo sun fi wannan matsala, don yawancinsu ba da muryar yaran Hausawa aka horar da su ba, yaro ya karanta daidai da karin harshensa su ce ya yi kuskure. Na biyu, na'ura ɗaya hannu da yawa. Aka ba da aikin gida a wayar uwa, yayan yaro ya amsa masa don a ba shi wayar da wuri, gobe manhaja ta ɗaga yaron zuwa matakin da bai kai ba. A aji ma, yara suna musayar kwamfutar ba tare da kowa ya fita daga asusunsa ba. Ke nan jadawalin nan mai launin kore da ja da za a riƙa turo muku ba wahayi ba ne.

Shi ya sa nake cewa kada ku bari makin manhaja shi kaɗai ya yanke wa yaro hukunci, ko maimaita aji, ko raba 'yan kimiyya da 'yan fasaha, ko kiran uba a ce ɗansa ba ya ganewa. A Ingila a 2020, da annobar korona ta hana jarrabawar kammala sakandare, hukumar jarrabawa ta sa lissafin kwamfuta ya fitar da sakamako. Kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar aka rage, abin kuma ya fi faɗawa kan yaran makarantun da tarihinsu ba shi da kyau, wato an hukunta yaro da faɗuwar waɗanda suka gabace shi. Cikin kwana huɗu gwamnati ta janye. A gida ma, a 2025 JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da kudu maso gabas, sai da aka sake musu jarrabawa. Wannan an gano shi ne don mutane da yawa sun yi ihu lokaci guda. Kuskuren da manhaja za ta yi a kan yaro ɗaya a ajinku babu mai yin ihu a kai.

Yanzu ga bayanan. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kamfanin da ya ba ku zango kyauta yana da inda yake sa ran fanshewa. Wataƙila kuɗin zango na biyu ne kawai, wannan halal ne. Wataƙila kuma lambobin wayar iyaye ɗari huɗu ne, tare da sana'arsu da unguwarsu, jerin da masu tallan inshora da masu ba da bashi ta waya za su saya da murna. Duk wanda ya ga yadda manhajojin bashi suka riƙa kwashe lambobin wayar mutane suna tura wa dangi saƙon cin mutunci ya san abin da izinin shiga lambobi yake jawowa. A 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan karatu sama da 160 waɗanda gwamnatoci 49 suka amince wa yara lokacin kullen korona, ta samu kusan kashi 89 cikin 100 suna bibiyar yara ko suna da hanyar yin hakan, da yawansu suna tura bayanan ga kamfanonin talla. Edmodo, wata manhajar karatu wadda malamai da yawa a duniya suka yi amfani da ita kyauta, an yi mata kutse a 2017 aka kwashe asusu miliyan 77, a 2023 kuma hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci ta tarar dala miliyan 6 kan amfani da bayanan yara don talla ba da izinin iyaye ba. Wani abin lura a shari'ar: kamfanin ya ɗora wa makarantu da malamai nauyin nemo izinin iyaye, ba tare da ya yi musu bayanin abin da yake yi ba. Ku duba yarjejeniyarku, akwai yiwuwar irin wannan layin yana ciki.

Ko kamfani mai amana ne, abin da aka tara ana iya sace shi. A Disambar 2024 aka shiga rumbun PowerSchool, kamfanin da ke riƙe wa dubban makarantun Amurka da Kanada rajista, aka kwashe bayanan ɗalibai sama da miliyan 60. Ba wata gagarumar dabara aka yi ba, kalmar sirrin wani mai yi wa kamfanin aiki aka samu. Wanda aka kama ɗalibin jami'a ne ɗan shekara 19. Kamfanin ya biya kuɗin fansa bisa alkawarin za a goge, bayan 'yan watanni sai ga saƙonnin neman kuɗi suna zuwa wa hukumomin makarantu kai tsaye da waɗannan bayanai. Idan kamfani mai wannan girma ya gaza, ƙaramin kamfani mai ma'aikata goma da ya yi hayar rumbu a wata ƙasa ba zai ba ku tabbacin da ya wuce na baki ba.

A wurinmu kuma haɗarin ya wuce a buɗe asusun banki da sunan wani. Ku karanta fom ɗin nan da idon mai neman wanda zai sace: sunan yaro, fuskarsa, ƙofar gidansu, aikin ubansa, lambar da za a kira. Idan an haɗa da na'urar ɗaukar suna, har da lokacin da yake shiga da fita. Bayan Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, babu mai makaranta a Arewa da ke buƙatar a yi masa dogon bayani. Ban ce ta wannan hanya aka kai waɗancan hare-hare ba. Abin da nake cewa shi ne bai kamata makaranta ta haɗa irin wannan jeri da hannunta ta miƙa wa wanda ba ta san inda zai ajiye shi ba. Hotunan 'yan mata kuwa sun zama wani abu dabam tun da aka samu manhajojin da ke ɗora fuska a kan jikin da ba nata ba. Yarinya ɗaya aka yi wa wannan a unguwa, ba ita kaɗai ba, ƙannenta ma za a iya cire su daga makaranta.

Idan za a bar yara su tafi gida da kwamfutocin, ku tambayi wa ke da ikon kunna kyamara da makirufo daga nesa. A 2010 aka gano wata hukumar makarantu a jihar Pennsylvania tana ɗaukar hoto ta kwamfutocin da ta ba ɗalibai, wai don neman waɗanda suka ɓata, har hotuna sama da dubu 50 suka taru, ciki da na yaro yana barci a ɗakinsa. Sai da ta biya dala dubu 610 aka sasanta. Na'urar nan za ta shiga cikin gida ne, tsakar gidan da baƙo namiji ba ya taka ƙafarsa. Maigidan da ya gane haka daga baya ba kamfanin zai nema ba, ofishinku zai zo.

Zanen yatsa ku ƙi shi gaba ɗaya. Kalmar sirri in ta fita ana canza ta, yatsa kuwa da shi yaro zai rayu, kuma da shi ake tantance mutum a banki da rumfar zaɓe da ofishin fasfo. Amfanin da za a samu shi ne a rage wa malami minti biyar na kiran suna. A Sweden a 2019 aka ci tarar wata hukumar makaranta da ta gwada na'urar gane fuska don ɗaukar sunan ɗalibai 22, duk da cewa ta karɓi izini. Hukumar kare bayanai ta ce izinin da ɗalibi ya ba makarantar da yake ƙarƙashinta ba izini ne na son rai ba, kuma akwai hanyar ɗaukar suna mai sauƙi da ba ta buƙatar wannan. Lambar NIN ma haka. JAMB tana neman ta tun 2021 don ita hukumar jarrabawa ce mai tantance mutum. Manhajar koyon ninkawa ba ta da wannan hujja.

Ta fuskar doka, abin da yawancin masu makarantu ba su sani ba shi ne ku ne a gaba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta bambanta wanda ya yanke shawarar a tara bayanai da dalilin tarawa, da wanda yake sarrafa su a madadinsa. Makaranta ce ta farkon, kamfanin na biyu. Dole a samu rubutacciyar yarjejeniya tsakaninku, kuma dokar ta ce a tara iya abin da aikin yake buƙata, kada a riƙe shi fiye da lokacin buƙata. Duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, izininsa yana hannun iyaye ko mai riƙonsa. Akwai sassauci ga aikin ilimi da ƙwararre mai nauyin riƙe sirri yake yi, shi ya sa ba kwa neman sa hannun uba kafin ku rubuta sunan ɗansa a rajista ko ku ba shi maki. Amma wannan sassauci bai kai ga talla ba, bai kuma kai ga kamfani ya ɗauki muryoyi da rubutun yara ya gina wata hajar da zai sayar ba. Zanen yatsa da lafiya da addini da ƙabila dokar ta sa su a rukuni mai tsauri na musamman. Ta ba mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke hukunci mai nauyi a kansa. Idan aka yi kutse mai haɗari, awa 72 kuke da su ku sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, in haɗarin babba ne kuma ku sanar da iyaye nan take. A sanarwar da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024, makarantun firamare da sakandare suna cikin waɗanda aka lissafa su yi rajista da ita. Tara tana iya kai naira miliyan 2 ko miliyan 10 gwargwadon rukunin da kuke, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara idan shi ya fi yawa. Dokar ba ta takarda kawai ba ce, a 2024 hukumar ta ci wani banki tarar sama da naira miliyan 555. Masu makarantu a Nijar da Ghana su ma suna da dokokinsu da hukumominsu, na Ghana tun 2012, na Nijar tun 2017.

Da ni ne ku, ga abin da zan yi. Zan ba kowane yaro lamba, misali aji da adadi, in ba kamfanin lambar da ajin kawai, takardar da ta haɗa lamba da suna ta zauna a ofishin shugaban makaranta. Idan ƙananan yara ba za su riƙe lamba ba, sunan farko ya isa, ko hoton dabba da yaro zai zaɓa a matsayin alamarsa. Saƙo zuwa ga iyaye makaranta ce za ta tura, ba kamfani ba. A yarjejeniya kuma ina so in ga an rubuta ƙarara cewa bayanan na makaranta ne, ba za a sayar ba, ba za a yi talla da su ba, ba za a horar da wata manhaja da su ba sai da sabon izini. A faɗi ƙasar da rumbun yake da sunayen duk kamfanonin da ke taɓa bayanan, domin sau da yawa wanda ya zo muku dillali ne, manhajar ta wasu ce. A faɗi cikin awa nawa za su sanar da ku in an yi kutse, kuma ya gaza 72 sosai don ku ma ku samu lokaci. Layin da aka fi mantawa shi ne na mutuwar kamfani: in ya rufe ko aka sayar da shi, me zai faru da bayanan? Wannan ba tsoro ne na banza ba. Edmodo ta rufe a 2022. Shirin inBloom na Amurka, da aka zuba wa dala miliyan 100 don tara bayanan ɗalibai wuri guda, bai wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba ya rufe a 2014, saboda iyaye sun gano an shigar da yaransu ba a tambaye su ba.

Darasin inBloom ya shafe ku kai tsaye: ku kira taron iyaye kafin sa hannu, ba bayansa ba. Takardar izini ta zama shafi ɗaya, da Hausa, a kuma karanta ta a taron don waɗanda ba sa karatun boko. Uban da ya ce a'a kada ɗansa ya zauna a bayan aji yana kallon 'yan'uwansa, a ba shi asusu marar suna ko aikin takarda daidai da na sauran. In ƙin yarda yana jawo wa yaro hasara, to izinin sauran ma tilas ne aka yi musu.

Zan ƙara wani abu da ba ku tambaya ba. A makarantun da na shiga, yoyon da ya fi yawa ba daga kamfani yake ba. Sakamakon aji gaba ɗaya a zauren WhatsApp na iyaye, jerin waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a manne a bakin ƙofa, hotunan yara da sunayensu a shafin Facebook na makaranta ranar rabon kyaututtuka, fasfo da takardun haihuwa a kwamfutar shagon da ake rajistar WAEC da NECO, malamin da ya bar aiki ya tafi da wayarsa cike da bayanan ajinsa, kalmar sirri ɗaya da duk ma'aikata suka sani har da waɗanda aka sallama. Waɗannan ba sa buƙatar lauya, mako ɗaya ya isa a gyara su, kuma zai yi wuya ku tsare kamfani da sharaɗin da ku ba kwa bi.

Sannan ku mai da zangon kyautan nan gwaji na gaske. Ku ɗauki aji ɗaya mai reshe biyu, ku jefa ƙuri'a a kan wanda zai samu kwamfuta, kada ku bar kamfanin ko malamai su zaɓa. Ɗayan reshen ku ba shi lokaci daidai da wancan na karatun rukuni bisa mataki. Ku gwada duka biyun a farkon zango da ƙarshensa da jarrabawar takarda da malamanku suka tsara, wadda ta haɗa da tambayoyin azuzuwan ƙasa, ba gwajin cikin manhajar ba, don shi kamfanin ne ya rubuta shi kuma a kansa yaran suka yi ta atisaye. Ku rubuta kwana nawa aka yi amfani da na'urorin a zahiri, da kwanakin da wuta ko data suka hana. Aji biyu ba za su ba ku hujjar masana ba, amma za su nuna muku ko bambancin ya kai kuɗin da za a nema a zango na biyu. In bai kai ba, ku nemi a ba ku kwafin bayanan yaranku, a goge na wurinsu cikin kwana 30, a kuma ba ku takardar shaidar gogewa da sa hannun shugaban kamfanin.